Tokar Inna Safara'u da Ruwan Famfon Tudun Gawo

Duk wanda ya taɓa shan miyar kuɓewa ko ta karkashi a garinmu, Tudun Gawo, da wuya a ce bai ɗanɗani aikin hannun Inna Safara'u ba, ko da bai san fuskarta ba. Ita ce mai tokar miya. Garin namu ƙarami ne, yana can arewa da Tsanyawa, kuma gonaki sun kewaye shi ta ko'ina, har ba ka iya cewa ga inda gonakin wannan ƙauye suka ƙare na wancan suka fara. Gidanta da namu katanga ɗaya ce ta raba, shi ya sa yawancin abin da zan faɗa a gabana ya faru.

An haife ta a wani ɗan ƙauye bayan rafi, gidan manoma. Kakarta ta wajen uwa, Aina'u, ita ta raine ta, a wurinta kuma ta koyi sana'ar. Ana zaɓen karan gero wanda ya bushe sarai, a ƙone shi a wuri mai tsabta, a kwashe tokar a zuba a tsohuwar tukunyar da aka ɓula wa gindi aka shimfiɗa mata ciyawa. Sai a riƙa zuba ruwa a kai yana ɗiga cikin kwano. Abin da ya ɗiga shi ne ruwan toka, launinsa kamar shayin da ba madara. Wasu a haka suke so, wasu kuma sai an dafa shi ya ƙafe ya zama dunƙule.

Aure ne ya kawo ta Tudun Gawo. Mijinta Malam Dogo manomi ne, mutum mai sanyin hali wanda zai iya wuni bai yi magana goma ba. Ita kuwa gajeriya ce mai saurin tafiya da saurin baki, idan ta yi dariya har gida na uku ana ji. Sun haifi 'ya'ya biyar, duk sun girma, autarsu Zakiyya tana aure a Bacirawa. Inna Safara'u ba ta yi boko ba, amma tana da wani hali guda: ba ta ganin abu ya ba ta mamaki ta ƙyale shi. Sai ta taɓa, ta shinshina, ta ɗanɗana, ta sake gwadawa. Bayan toka, tana yi wa malaman makaranta da ma'aikatan ɗakin shan magani wanki, kuma an san ta da fitar da farin kaya fes.

Shekara da shekaru matsalar garin ita ce ruwa. Rijiyoyi biyu muke da su a bakin fadama, ruwansu mai daɗi, amma da zarar bazara ta kama sai su ja baya. Mata su yi layi tun da safe, a zura guga a jira ya tara rabi. Inna Safara'u da ƙawarta Dorathy, wadda gidansu ke cikin gonaki ta gabas kusa da cocinsu, sun fi shekara ashirin suna haɗuwa a wannan layi. A nan suka saba, a nan suke hirarsu, har ta kai idan ɗaya ba ta da lafiya ɗayar ke ɗebo mata.

Shekaru uku da suka wuce ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Kano ta haɗa kai ta kawo masu haƙar burtsatse. Mako guda injin yana ruri a bayan makarantar firamare. Aka kafa tanki a sama, aka jera faifan sola, aka ja bututu zuwa unguwanni huɗu, kowace unguwa da kawunan famfo shida. Ranar da aka buɗe, garin ya cika kamar ranar salla. Mai unguwa ya murɗa kan famfo, ruwa ya zubo da ƙarfi, fari tas kamar gilashi, mata suka ɗauki guɗa. Inna Safara'u ta tara hannu biyu ta watsa wa fuskarta, ta watsa wa Dorathy, su biyun suka jiƙe sharkaf suna dariya kamar 'yan mata. A ranar ta cika duk wani abu mai rami da ke gidanta, har da turmi.

Washegari ta zauna wanki da murnarta. Ta zuba ruwan famfo a baho, ta jiƙa rigunan malamai, ta goga sabulu. Kumfa bai tashi ba. Ta ƙara gogawa, sai wani abu fari-fari kamar kindirmon da ya tsinke ya taso saman ruwan yana manne wa hannu. Ta ɗauka sabulun ne ya lalace, ta canza wani. Haka dai. Ta zuba garin sabulu, shi ma sai da ta zuba ninki biyu kafin ya ɗan motsa. Da kayan suka bushe sai suka yi tauri kamar an sa musu sitaci, fararen kuma suka yi duhu-duhu.

Kafin wata guda kowane gida yana da nasa ƙorafin. Wake ya daina nuna da wuri, mata suna ƙona itace har su gaji. Yahya mai shayi, wanda ke da tebur a bakin tasha, ya riƙa nuna wa mutane cikin butarsa, inda wani farin ɓawo ya kama kamar an shafa siminti, kuma shayinsa ya riƙa yin wata yana a sama. Masu kitso suka ce gashi yana karyewa. Yara suna wanka su fito jikinsu ya yi furu-furu, suna soshe-soshe. Kawunan famfon ma suka fara toshewa, ruwan yana fita a karkace. Tsofaffi suka ce ai wannan ruwan zartsi ne, an haƙa ƙasa da zurfi har an taɓo shi. Murna ta koma gunaguni. Wasu suka koma layin rijiya domin ruwan wanki da na girki, wasu ma suka fara cewa wai ruwan zai sa wa mutane tsakuwa a ciki.

Inna Safara'u ta fi kowa jin abin, domin ya taɓa sunanta. Wata ma'aikaciyar jinya ta dawo mata da farar riga, ta tambaya cikin ladabi ko an manta ba a wanke ta ba. Ranar ba ta ci abincin rana ba. Ta koma ɗebo ruwan rijiya a ka, tana wuce famfo a ƙofar gida tana harararsa.

Abin ya zo ne wata Laraba da hantsi. Ta ɗora tukunyar tokarta a kan duwatsu tana ɗiga, kwanon ya kusa cika, a gefe kuma ga bahon ruwan famfo da ta tara domin wanke tsummoki. Sai akuyarta ta tsinke igiya ta biyo ta tsakar gida a guje, ta bangaje kwanon, rabin ruwan tokar ya faɗa cikin bahon. Nan take ruwan ya yi fari kamar an dama koko. Ta yi wa akuyar faɗa har ta gaji, ta ɗaure ta, ta yafa mayafi ta tafi gidan suna, domin an daɗe ana jiran ta.

Bayan la'asar ta dawo. Ta ɗauki bahon za ta zubar, sai ta ga farin ya kwanta a ƙasa kamar garin alli, ruwan sama kuma ya yi garau. Ta ajiye. Ta tsoma yatsa ta murza, ta ji santsi. Ta tsiyaye na saman a hankali cikin bokiti, ta jefa tsumma ɗaya, ta goga sabulu sau biyu kawai. Kumfa ya taso har ya rufe mata wuyan hannu.

Ina cikin ɗaki na ji tana ƙwala mini kira ta kan katanga kamar gobara ta tashi. Na shiga a guje ba ko takalmi. Na same ta tsugune, kumfa har gwiwar hannu, tana dariya hawaye na zubo mata. Ta ce in saka hannu in ji. Na saka. Ta ce in rantse ruwan famfo ne, na ce ai ni ban ga lokacin da ta ɗebo ba. Sai ta ja ni har bakin famfo, muka ɗebo sabo, ta zuba sauran ruwan tokar a gabana, ya yi fari. Muka zauna muna kallon bokiti kamar masu jiran amarya. Da Malam Dogo ya dawo daga gona ya same mu a haka, ya tsaya ya dube mu, ya dubi bokitin, ya tambaya ko lafiya.

Ta ce, "Malam, zauna. Yau za ka ga abin da ba ka taɓa gani ba."

Ya zauna kuwa, da fartanyarsa a kafaɗa. Da ruwan ya kwanta ta sa shi ya cire hularsa, ta wanke ta a gabansa. Ya juya hular a hannu, ya ce to, Allah mai iko. A wurin Malam Dogo wannan doguwar magana ce.

Washegari tun da sassafe ta aika wa Dorathy. Su biyun suka wuni suna gwaji, suka jera bokitai biyar a tsakar gida. Wannan ludayi ɗaya na ruwan toka, wannan biyu, wannan uku, har biyar. A nan ne zumuɗi ya ja mata. Ta ga na ludayi biyar ya fi saurin kwanciya, ta ce ai shi ne maganin, ta tsoma sabon zanen da Zakiyya ta aiko mata, atamfa shuɗiya mai furanni, ta bar shi a ciki ta shiga girki. Da ta dawo launin ya koɗe, furannin sun yi fari-fari. Hannayenta kuma, da ta wuni tana tsomawa, suka yi ja suna zafi, bayan kwana biyu fatar ta fara saɓulewa. Dorathy ta shafa mata man kaɗanya tana yi mata faɗa, ta ce idan ta je ta koya wa mata wannan suka ƙone hannu, to famfon ma sai ya fi ta farin jini.

Maganar ta shige ta. Kwana huɗu ba ta iya wanki ba, tana zaune da hannaye a naɗe, sai tunani. A rana ta biyar ta ce in raka ta wurin Malam Naziru, malamin kimiyya na makarantar sakandare, ɗaya daga cikin waɗanda take yi wa wanki. Muka same shi a gindin bishiya lokacin hutun tara. Ta ajiye kwalabe biyu a gabansa, ɗaya ruwan famfo ɗaya ruwan toka, ta zuba wannan cikin wancan, ya yi fari. Malamin ya miƙe tsaye, ya ɗaga kwalbar yana kallo ta hasken rana, yana murmushi. Ya ce shekara shida yana rubuta wa ɗalibai wannan a allo, bai taɓa tunanin ana yin sa a bayan katangar makaranta ba.

Ya yi mana bayani da Hausa sarai. Ya ce ruwan ya ratso ta cikin duwatsu masu alli a can ƙasa, ya narko da su, ido ba ya gani. Wannan allin ne yake kama sabulu ya hana shi kumfa, shi ne kuma yake manne wa buta idan an tafasa. Toka kuwa tana da abin da ke fizgo allin daga cikin ruwa ya faɗi ƙasa. Amma idan ta yi yawa, abin da ya rage bai sami allin da zai kama ba, sai ya kama fata da tufafi.

Inna Safara'u ta ce, "Wato kamar gishiri a miya ke nan, Malam. Ba yawansa ake so ba."

Ya ce, "Haka ne, Inna. Amma abu ɗaya zan roƙe ki. Wannan na wanki ne da wanke-wanke. Kada a sha, kada a yi wa jarirai wanka da shi."

Game da sha, ya ce a iya saninsa irin wannan ruwa ba guba ba ne, kuma zai ɗauki kwalba ya kai Kano a auna domin hankalin mutane ya kwanta. Ya kai, bayan mako biyu ya dawo da takarda, aka karanta a masallaci ranar Juma'a, aka karanta a coci ranar Lahadi. Ruwan yana da alli da yawa, amma ana iya sha. Wanda ɗanɗanon ya dama, ya tafasa ya bari ya huce ya tsiyaye.

Kafin takardar ta zo, ita ta riga ta gama nata awon. Da hannunta ya warke ta koma kan bokitai, wannan karon da ludayi ƙarami da haƙuri. Ta gano cewa ludayin miya ɗaya da rabi ya ishi babban bokiti, a bar shi daga safe zuwa azahar. Ta kuma gano cewa ba sai tokar karan gero ba, wadda kowa ke tattalinta saboda kara yana da aiki da yawa. Tokar murhu ma tana yi, in dai ta itace ce ba a ƙona roba ko leda a ciki ba, sai dai a ɗan ƙara yawa. Wannan ya fi komai faranta mata rai, domin babu gidan da ba murhu.

Wasu sun ba ta shawara ta riƙe sirrin ta riƙa sayar da ruwan a kwalba. Ta ce abin da akuya ta koya mata kyauta, ina ita ina ɓoye shi. Ta zaɓi ranar Asabar da safe, lokacin da mata suka fi taruwa a bakin famfo, ta sa Dorathy ta ɗauko baho ita ta ɗauko tukunyar toka. Ta riga ta tanadi bokitin da ya kwanta tun jiya. Ta kira wata mata da ta fi kowa zagin famfon, ta miƙa mata sabulu ta ce ta wanke ɗankwalinta a ruwan famfo zalla, sannan ta wanke a wannan. Da kumfa ya tashi a ruwa na biyu wurin ya kaure. Mata suka riƙa turereniya kowa na son tsoma hannu, wata ta cire zanen goyo ta jefa ciki, wata ta ruga gida ta kwaso kayan mako guda. Inna Safara'u ta hau kan dakalin famfo domin a gan ta, tana ɗaga ludayi tana maimaita awon, tana kuma ɗaga hannayenta da suka yi sabuwar fata a ga abin da ganganci ke jawowa.

Zakiyya ta zo ganin gida a ranar, ta ɗauki bidiyon abin a wayarta ta tura wa 'yan uwa. Kafin mako ya zagayo mutanen da ba mu sani ba suna kiran wayar Malam Dogo suna neman mai toka. Shi da ba ya son magana, sai ya miƙa mata wayar kawai ya fita.

Yahya mai shayi ya zo da kansa da butarsa a hannu, ya ce an gyara wa mata, shi fa? Ta gwada toka a butar, ba ta yi komai ba. Ta kwana biyu tana juya abin. Sai ta tuna cewa tukunyar da take jiƙa tsamiyar kunu ita kaɗai ce a gidanta ba ta yi wannan ɓawon ba. Ta jiƙa tsamiya mai kauri, ta cika butar, ta ɗora a wuta ta tafasa, ta sauke ta bari. Da yamma ɓawon ya riƙa ɓarewa yana faɗowa falle-falle, ƙarfen ya fito yana ƙyalli. Yahya ya zagaya tasha da butar a buɗe yana nuna wa direbobi. Daga nan aka kwance kawunan famfon da suka toshe aka jiƙa su a ruwan tsamiya, aka mayar, ruwa ya dawo yana fita miƙe. Yanzu duk farkon wata matan kowace unguwa suna yin wannan da kansu.

Ba komai ne ya gyaru ba. Wake har yanzu sai da kanwa, kuma masu kitso sun fi son ruwan sama idan damina ta zo. Akwai kuma waɗanda suka ce su ba za su iya jiran bokiti daga safe zuwa azahar ba. Amma layin rijiya ya ragu sosai, kuma idan ka bi lungunan Tudun Gawo da safe za ka ga bokitai a jere a gindin katanga, kowanne da farin alli kwance a ƙasansa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinta a yanzu shi ne ruwan wasu garuruwa. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Ranar kasuwar Tsanyawa, inda take kai dunƙulen toka, mata suna zuwa mata da ruwan famfonsu a gorar lemo, ta kawo gida ta gwada, mako mai zuwa ta faɗa musu ludayi nawa nasu yake ci. Ta gano cewa kowace burtsatse da halinta, wata rabin ludayi ya ishe ta, wata sai biyu. Da yake ba ta rubutu, sai ta ɗaura wa kowace gora zare mai launi dabam, kuma ba ta taɓa rikita su ba.

Makon jiya wani direban bas ya kawo mata gora daga wani ƙauye ta wajen Gezawa. Ta zuba toka, bai yi fari ba. Ta ƙara, shiru. Ta ɗanɗana ta ji gishiri-gishiri, ta tofar. Malam Naziru ya ce wannan kam wani abu ne dabam, toka ba za ta iya da shi ba. Ta ce ta ji, amma a bar mata shi tukuna. Da na leƙa jiya da hantsi na same ta ta raba ruwan a kofuna huɗu, ta daka gawayi, ta wanke yashi, ta ɓare 'ya'yan zogale, tana neman tsohuwar tukunyar da za ta ɓula ta tace ruwan. Ko sallamata ba ta amsa sosai ba, sai ta ce in miƙo mata ƙusa da dutse.